Muryar da ke kiran Assumana

Assalamu alaikum mai shafi da masu karatu. Don Allah a sakaya sunana, kuma mai niyyar zagina ya yi haƙuri ya kai ƙarshe tukuna, ni kaina na gaji da zagin kaina.

Na san da yawanku kun ji muryar nan da ke yawo a wayoyi, ta tsohuwar da ke kiran "Assumana, Assumana" da wata siririyar murya mai rawa, sannan ta ce "abin da na faɗa ranar nan", sai maganar ta yanke. Wasu sun ce a tsohuwar rijiya aka ɗauke ta wajen Barmou, wasu sun ce a maƙabarta. Har hoton wata mai fararen idanu aka liƙa mata, ana cewa wanda ya saurara shi kaɗai zai ji an kira nasa sunan. To jama'a, ba aljana ba ce. Ni na ɗauki muryar nan da hannuna, da rana tsaka, a kasuwar Tawa.

Zamanin da aka fara siyasar jam'iyyu ne, darajar kuɗin sefa ta faɗi, ma'aikata na wata da watanni ba albashi, mazan yankinmu na Adar duk sun watse Abijan neman abin kai wa baka. Ni ina da ƴar rumfar kaset. Wanda bai iya rubutu ba sai ya zauna bayan rumfa in danna masa rakoda, ya faɗi saƙonsa, a ba direba ya kai. Wata Lahadi wata tsohuwa ta zo daga wani ƙauye bayan Barmou, ƙafafunta fututu. Ta ce ɗanta na fari ya tafi ana tsakar noma ba da yardarta ba, cikin fushi ta ce masa in ya tafi kada ya sake taka mata gida, ga shi damina ta zagayo ba shi ba labarinsa. Ranar kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, ni kuma don rowa na zuba tsofaffin pil, wato batura, a rakoda.

Ta fara da "ka ce ma wancan", na tsayar da ita. Na ce Inna, ɗakin da kaset ɗin nan zai sauka maza ne jibge, in ba ki faɗi suna ba wa zai san nasa ne? Ta dube ni kamar na ce ta tuɓe a kasuwa. Ɗan fari ne fa, tun da ta haife shi sunansa bai taɓa fita bakinta ba. Can sai ta ja mayafi ta rufe fuska, ta yi ɗan tari, ta kira shi. Sannan ta ce:

"Abin da na faɗa ranar nan, bakina ne ya faɗa, ba cikina ba. Na yahe maka duniya da lahira. Ka taho gida ko da rigar wuyanka ɗai."

Bayan ta tafi na kunna, sai na ji pil ya cuce ni, muryar ta fito siririya, ba ta mutane ba. Kunya ta hana ni aikawa, kada a ce rumfata ba a iya aiki. Na ce in ta dawo wata Lahadin ma sake. Ba ta dawo ba, ni ma ban neme ta ba, alhali motar Barmou kullum a gabana take lodi. Kafin kaka na ji ta rasu. Da a nan na tsaya da da sauƙi. Abokaina na fada, wurin hirarmu, suka ji kaset ɗin suna dariya, ɗaya ya ce wannan ai aljana ce. Shaiɗan ya hau kaina, na yanko daga wurin tarin da kiran sunan zuwa farkon maganarta, na riƙa sa shi a ƙarshen kaset-kaset na waƙa, ina rantsuwa ban san daga inda yake shigowa ba. Samari suka yi ta rububin saye. Na asalin kuwa na ɗora kiɗan kokawa a kansa, maganarta ta goge. Wane irin mutum ne ke yin haka da muryar uwar wani? Ban san wanda ya kwashe ta ya sa a intanet ba bayan shekaru, amma tun da muryar ta dawo ko kiran yaro na ji a layi sai gabana ya faɗi.

Yanzu waƙoƙi nake zuba wa mutane a waya, a kasuwar dai. Lahadin da ta wuce wani dattijo mai furfura ya zo, an ce masa ni ne tsohon mai kaset, na san sirrin murya. Ya miƙo waya, ya kunna, ya ce a hankali:

"Malam, uwata ce. Ni ne Assumana."

Na jawo masa benci ya zauna. Ya ce a Abijan aka turo masa, da tarin nan nata ya gane ta. Ya ce tana raye ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba za ta taɓa ba, don haka wannan kira daga kabari yake, fushinta ne ya biyo shi. Ya yi sadaka, ya bi malamai, barci ya gagare shi. Ya taso takanas don ya ga kabarinta, amma ya kasa wuce Tawa, yana nan yana kwana a tasha. Roƙonsa ɗaya, in gyara muryar ya ji abin da ta faɗa bayan wurin da ta yanke.

"Ko tsinuwa ce ka gaya mini, Malam. Na fi son in sani."

Ni da bakina na ce masa ya dawo Lahadi, zan duba.

Babu abin da zan duba. Ragowar maganar ba ta ko'ina a duniya sai cikin kaina. In na gaya masa ban faɗi yadda na sani ba, zai ce lallashi ne irin na mutane. In na faɗi duka, zai san uwarsa ta karya kunyarta saboda shi, ta yafe masa tana raye, tana zuba ido a hanya, ni kuma na mayar da kiranta abin tsoratar da yara. Ina tsoron idonsa, ina tsoron ƴaƴana su ji, na kuma fi tsoron in mutu da gafarar da ba tawa ba a bakina. Jibi ne Lahadi, kuma na san tun kafin in buɗe rumfa zan tarar da shi zaune a kan benci.

Don girman Allah, me zan yi?