Cinikin Farko a Shagon Goggo Luyen

Brno, farkon sanyi

Zuwa ga Yaya Thoa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Yaya gwiwar Mama? Ni dai lafiya lau.

Kin tambayi aikin. Ba wani abu ba ne. Ina tsaye bayan kanta, mutum ya faɗi abin da zai ci, ya biya, in ba shi lamba ya je ya zauna. A nan sai an biya ake ci. Rabin garin nan na shan romon fo, romon taliyar nan namu na gida, amma har yau ba wanda ya iya faɗin sunan daidai, ni kuma na daina gyara musu.

Goggo Luyen mai shagon ta tsufa a ƙasar nan, amma hankalinta yana kasuwar garinmu Hai Duong. Ta riƙe cewa mai cinikin farko shi ke ɗauke da sa'ar yini. To mu kullum mutum ɗaya ne, tsoho Bedrich, wanda matarsa ta rasu bara. Kafin in buɗe ƙofa yana nan. Ƙaramin kwano yake saye, ya sa taga a gaba har rana ta take.

Tunda aka buɗe wani shagon abinci a tsallaken titi ciniki ya ja baya. Goggo ba ta ga laifin shagon ba, na tsohon ta gani, wai farar ƙafa gare shi. Da ya biya sai ta kunna takarda ta zagaye injin kuɗi da hayaƙi, yadda Mama ke yi a rumfarta. Jiya ta ce min, "Ke 'yar nan, in mai fuskar zaman makokin nan ya sake buɗe min kasuwa, to ki bi shi ya ba ki aiki." Kin san takardar zamana a ƙasar nan da aikin take rataye. Kada ki gaya wa Mama.

Ki gaida kowa da kowa.
Ƙanwarki, Nhan

Brno, tsakiyar sanyi

Yaya Thoa,

Ina gaisuwa, ina fata kun wuni lafiya. Na ji daɗi da Mama ta fara takawa.

Da farko ƙarya na riƙa yi wa tsohon, in ce inji bai tashi ba, ya jira har wani ya saya. Da ya gaji da jin injin da ke warkewa da zarar wani ɗalibi ya shigo, sai ya tambaye ni, na faɗa masa gaskiya. Bai yi fushi ba, kai kawai ya gyaɗa. Tun ranar ya daina shigowa da fari. Yakan tsaya a waje, hannu cikin aljihu, sai wani ya riga shi. Na ji kunya, amma kunya ba ta sabunta takarda.

Ran Talata ƙanƙara ta zuba, titi ba kowa. Romo na tafasa, kujeru wayam, mai saye ɗaya tak a duniya, shi ma yana waje hularsa ta yi fari. Goggo ta goge kanta sau ba adadi. Can ta leƙa ta ce ya shigo. Ya ce, "A'a, uwar gida, kada in ɓata muku kasuwa."

Ta dawo tana mita da harshenmu, wai tsoho sai taurin kai kamar ɓauna. Ta zuba babban kwano, ta kai teburinsa da kanta, ta fita ta jawo shi ta hannun riga. Da ya nufo ni da kuɗi ta daka min tsawa kada in taɓa. Ci ba ciniki ba ne, in ji ta, sai kuɗi ya shiga inji.

Yanzu shi kaɗai ke ci kafin ya biya a shagon nan. Yana gamawa ya jira wani ya saya, sannan ya zo gabana. Aikina yana nan.

Ciniki dai bai ƙaru ba. Yau da safe ina buɗe ƙofa Goggo ta tambaye ni shekarar da aka haife ni, tana kallon ƙafata. In ta bugo wa Mama waya, ku ce a shekarar Doki aka haife ni, ita ce mai sa'a a lissafinta.

Taki har kullum,
Nhan