Giɓin da Malam Ya Bari

Litinin, 3 ga Maris

An ce ƙarshen wata za a kwashe tsohon injin Malam daga ɗakin gwaji, ana buƙatar ɗakin. Na ce to, kamar ba da ni ake ba. Da kowa ya fita cin abinci sai na kunna shi. Hasken nan mai ruwan shuɗi da ja ya cika bututun gilashin. Filasma ke nan, gas da lantarki ya kunna, tana haske amma ba ta ƙuna. Na ɗora tafin hannuna a kai, ɗumi kawai. Malam, wanda ya koya mini aikin nan, Allah ya jiƙansa, yakan ce ilektiron, ƙwayoyin lantarkin da ke ciki, yara ne da aka taso daga makaranta, namu kawai mu auna wa suke bangaza, ina kuma suke watsewa.

Laraba, 5 ga Maris

Abokin aikina Sarkin Gaggawa ya sake tayar da maganar. Wai in ɗora duk awon Malam a rumbun nan na intanet da kowa ke ɗiba kyauta, masu kwaikwayon filasma a kwamfuta suna neman irinsa ido rufe. Wai in injin ya tafi, aikin kuma ya ruɓe a kwamfutata, an binne Malam sau biyu. Haushi na ji, don gaskiya ya faɗa.

Giɓin ne ya hana ni. Malam ya auna farko, ya auna ƙarshe, ya bar tsakiya don ita ce mai wuya, sai ciwo ya kwantar da shi. Na gwada cikewa, injin ya tsufa, ba ya riƙe awo a wurin. Ba na son baƙi su ga aikinsa da rami.

Asabar, 8 ga Maris

Yaya tana ninkin kaya ta leƙo ta ga zanen layin awon Malam a kwamfuta. Ta ce, "Ke dai da wahalar da kai. Ja masa layi ki haɗe mana, wa zai sani?" Na yi dariya. Amma fa na ja ɗin. Ya yi kyau, har ya fi na gaskiya santsi.

Talata, 11 ga Maris

Gyangyaɗi ya ɗauke ni a kan tebur da rana tsaka. Sai ga ni cikin bututun, 'yar mitsitsiya, ina shawagi cikin hasken, wannan ya ture ni, wancan ya ture ni, ba zafi. Can gaba Malam yana tafiya a kan layin awonsa, hannu a baya yadda ya saba. Da ya zo inda na haɗe sai ya tsaya, ya taɓa wurin da ƙafa, ya waiwayo.

"'Yata, wa ya auna nan?"

Na farka da shatin biro a kumatu. Na goge abin da na ja. Dama ƙa'idarsa ce, inda ba a auna ba a bar shi fari.

Alhamis, 20 ga Maris

Na ɗora, da giɓinsa da komai. A ƙasa na rubuta: nan ba a auna ba. Kunya ta rufe ni, kamar na fito da shi waje da yagaggiyar riga.

Litinin, 31 ga Maris

Sun kwashe injin. Ban je ba.

Juma'a, 11 ga Afrilu

Saƙo daga wata mai bincike da ban sani ba, can wata uwa duniya. Wai shekara da shekaru tana da awon tsakiyar nan, ba farko ba ƙarshe, ta rasa inda za ta jingina shi. Ta ga farin wurin, ta ɗora nata, bakin ya haɗu da baki ta kowane gefe. Kuma a tsakiyar layin nutsewa yake yi, inda ni na ja shi yana hawa. Da na bar nawa, ƙila da ta ɗauka ita ce ta yi kuskure, ta ajiye.

Ta tambayi yadda za ta yi wa Malam godiya. Ina kewarsa, shi ke nan.

Ɗazu na wuce ɗakin gwajin, an yi masa sabon fenti, ban ma rage tafiya ba. Sarkin Gaggawa ya tambaya ko akwai sauran awo a kwamfutata, har da nawa na kaina, masu ramuka. Na ce zan duba.

Na riga na fara jerawa, ban dai gaya masa ba.