Ɗakin Mai Agogo

Litinin, 5 ga Mayu

Shugaba ta iso da sassafe. Haka nake kiran babbar 'yata, don tun tana goye take ba da umarni. Maganar dai ɗaya ce tun ranar da santsi ya kwashe ni a banɗaki: ko in samu wadda za ta zauna da ni a ɗakin babanta kafin ƙarshen wata, ko in tattara in koma wurinsu, bene hawa na huɗu. Faɗuwa ɗaya fa. Ita sau nawa ta faɗi tana koyon tafiya, na ce ta bar gida? Na ce ba inda za ni, kuma ɗakin Mai Agogo, mijina marigayi, ba mai taɓa shi. Ta ce, "Mama, zaɓi ɗaya." Na ce ta sha shayinta kafin ya huce.

Ɗakin yana nan yadda ya bar shi, Allah ya ji ƙansa. Teburin gyara, fitila, kujerarsa, agogunan da ya saya matattu ya tayar. Ni kaɗai na san abin da nake ji in na buɗe ƙofar.

Laraba, 7 ga Mayu

Ajin Turanci na manya. Shugaba ce ta sa sunana wai in riƙa fita, ni kuma na ƙi nuna mata ina jin daɗinsa. Yau Malama ta kawo sabon darasi: yadda za ka ce abu ya dace da wane, yadda za ka ce zai yi aiki kaza, da yadda za ka ce yana nan, babu mai amfani da shi. Biyun farko sun shiga. Na ukun kalma ce doguwa, harshena ya yi ta harɗewa har wani ɗan ajinmu da muke kira Direba ya ce in sa giya ta ɗaya tukuna.

Tsarin Malama shi ne kowa ya zo da wani abu daga gida, ya ɗora a tebur, ya faɗi amfaninsa da Turanci, sai aji ya nemo wanda abin ya dace da shi. Direba bai jira mako mai zuwa ba, ya ɗauko yagaggiyar lemarsa daga mota, ya ce ta dace da mai son wanka a tsaye. Tsohon nan ba ya girma.

Asabar, 10 ga Mayu

Shugaba ta turo wata ta ga ɗakin. Tun daga ƙofar gida take waya, har ta fita ba ta ajiye ba. Ban ma buɗe mata ɗakin ba. Da Shugaba ta kira na ce mata matar ba ta dace ba, da Turanci, tiryan-tiryan. Ta yi dariya ba ta shirya ba, sannan ta tuna fushi take.

Litinin, 12 ga Mayu

Na duba kicin kaf, ba abin da zan kai aji ban ji kunya ba. Tukunya mai kunne ɗaya? Sai na shiga ɗakin na ɗauko ɗan gilashin da yake maƙalawa a ido in zai duba cikin agogo. Na ce zai yi ganin ƙananan abubuwa. Malama ta tafa mini. Nan Tela, ƙawata da muke zama benci ɗaya, ta maƙala shi, ta zaro allura daga gefen mayafi ta zura zare karo ɗaya. Ta ce rabonta da haka tun kafin ta yi jika. Aji duka suka ce ya dace da ita. Me zan ce? Na ba ta, amma na faɗa da ƙarfi kowa ya ji: aro ne.

Laraba, 14 ga Mayu

Fitilar tebur ta tafi wurin Malama, wai idonta na ciwo wajen duba takardunmu. Matashin kujera ya bi Direba saboda bayansa. Duk aro.

Lahadi, 18 ga Mayu

Shugaba ta turo hoton labulen da ta saya wa "ɗakina" na can. Ruwan hoda.

Litinin, 19 ga Mayu

Yau agogon ƙararrawa na kai, mai ƙafa biyu, wanda yake tashe mu da shi. Tun rasuwarsa ban wana shi ba. Na wana a gaban aji don in nuna, sai ga shi yana tafiya kamar jiya aka ajiye. Na daure na yi jimlata: ya dace da mai nauyin barci. Kafin in rufe baki duk an juya ana kallon Mai Burodi, yarinyar da ke aiki a gidan burodi, tana can ƙarshen benci ta kifa kai tana sharar barci. Direba ya saita ƙararrawar ya ajiye kusa da kunnenta. Ta zabura tana cewa a fito da tire, a fito da tire. Mun yi dariya har Malama ta riƙe ciki.

Yarinyar kirki ce. Kullum sai ta zo mana da gutsattsarin burodi a leda, kuma duk inda ta zauna ƙamshin bota yake. A hanya ta gaya mini a falon yayarta take kwana, can ƙarshen gari, tare da yara, mota biyu take hawa kafin gari ya waye. Na ce ta riƙe agogon. Ta ce, "Mama, zan kula da shi." Na ce ai dole, aro ne.

Laraba, 21 ga Mayu

Bakina ne ya ja mini. Teburin Malama na rawa, na ce ina da wanda zai yi, ba ya motsi ko an hau kai. Ana tashi Direba ya ce ga mota. Mai Burodi ta biyo mu ta kama masa. Da suka fitar, ta dawo ta tsaya a taga, ta ce ashe daga nan ana hango gidan burodinsu, ga allonsu can. Na yi kamar ban ji ba.

Na je ɗora shayi, na dawo na same ta zaune a ƙasa ta jingina da bango, barci ya kwashe ta. Na lulluɓa mata mayafina. Direba ya shanye kofinta.

Alhamis, 22 ga Mayu

Na shiga share wurin da teburin ya tashi, na yi tari, sai na ji ɗakin ya amsa. Wayam. Na tsaya ina neman wanda zan yi wa faɗa, to wa? Da hannuna na kwashe, ɗaya bayan ɗaya, ina murna ana tafa mini. Na zauna na yi kukana sosai. Ina kewarsa, ba wani abu ba.

Ashe rana na shigowa har tsakar ɗakin da hantsi. Tebur ne ya tare.

Litinin, 26 ga Mayu

Mai Burodi ba ta zo ba. Tela ta ce gyangyaɗi ta yi a bakin tanda ta ƙone hannu. Yau ko Direba bai yi tsiya ba. Shugaba ta kira ta tuna mini wata ya kusa ƙarewa, kamar ba ni da kalanda.

Laraba, 28 ga Mayu

Ranar ƙarshe ta wannan darasi, kowa zai tashi ya haɗa jimlolin uku. Mai Burodi ta dawo da hannu a naɗe. Da aka zo kaina Malama ta ga jakata ba komai, ta ce ko na manta. Na ce ban manta ba. Na kwance makulli daga bakin zane na ɗora a kan teburin Mai Agogo.

Na ce ɗaki ne. Ya dace da mutum ɗaya mai sammako. Zai yi barci, zai yi karatu. Sai doguwar kalmar nan, wallahi ta fito sumul, ko tuntuɓe babu.

Direba ya ɗaga hannu ya ce shi ma yana sammako. Tela ta make masa hannu da littafi, ta tura makullin har ƙarshen benci. Yarinyar ba ta ɗago ba, sai kafaɗunta ke rawa. Malama ta ce jimlolina ba gyara. Na ce na sani.

Asabar, 31 ga Mayu

Jiya Mai Burodi ta tare, da jaka ɗaya da katifa. Shugaba ta zo ta ƙare mata kallo, ta yi mata tambayoyi kamar mai ɗaukar aiki, ƙarshe ta tafi da burodi biyu a hannu. Kafin ta fita ta ce to labulen fa? Na ce ta kawo, tagar nan na buƙata. Na dai gaya wa kowa ɗakin aro ne.

Da asuba ƙararrawa ta kaɗa ta bayan bango, daga inda ta saba kaɗawa. Na ɗan jima a kwance ina saurare. Ban san lokacin da na tashi na ɗora ruwa ba, kuma kofi biyu na sauko da su. Ba don komai ba, hannunta ne bai warke ba.