Ambulan Ɗina, Sa Hannun Wendell

Laraba, 23 ga Oktoba

Tun ranar Lahadi da mijina Wendell ya rasu ambulan ɗin ƙuri'arsa, wanda ofishin zaɓe ya aiko ta gidan waya, ke kan teburin kicin. Na kasa ɗauke shi. Mutumin da bai taɓa fashin zaɓe ba. Kowane zaɓe shi ke karanta mini, ya ɗora yatsa ya ce, "Nan, Lehua, cike nan."

Asabar, 26 ga Oktoba

Wasiƙa daga ofishin zaɓe. Wai sa hannun da ke kan ƙuri'ata bai yi kama da nawa ba. Wace ƙuri'a? Ni ban aika komai ba! Ga takardata nan ƙarƙashin tukunyar shinkafa, ko ɗigon biro babu.

Talata, 29 ga Oktoba

Puanani, ƙanwar Wendell, ta kai ni ofishin zaɓe a garin Hilo a motarta, ana ta ruwa. Yarinyar ofishin ta juyo mini da kwamfuta. Hoton ambulan ne, sunana a buge. A ƙarƙashinsa rubutun Wendell, W ɗin nan nasa mai kama da ƙugiyar kamun kifi. Ya sa kwanan wata, jajibirin rasuwarsa.

Ashe ya yi zaɓensa. A ambulan ɗina ya sa, ya kai gidan waya ina coci wurin koyon waƙa.

Yarinyar ta ce, "Anti, miji da mata sun saba yin haka, ambulan ɗin duk iri ɗaya ne." Wai in na rantse tawa ce, za a buɗe a ƙirga. In ba tawa ba ce, a ba ni sabuwa.

Na ce tasa fa? Ta ce, "Ba za a buɗe ba, Anti. Ki yi haƙuri."

A mota Puanani ta ce, "Ke ma dai! Ki ce taki ce mana. Wa zai tona, kajin bakin titi? Da ma abin da ya zaɓa shi kike zaɓa." Can ta ce, "Ɗan taurin kai, sau nawa na ce ya riƙa sa tabarau." Sai kuka, har ta tsayar da mota.

Alhamis, 31 ga Oktoba

Na leƙa nasa ambulan. Wayam.

Juma'a, 1 ga Nuwamba

Abu na ƙarshe da ya yi da hannunsa, kuma ni ce zan sa a jefar. Amma in ɗaga hannu in rantse a kan ƙarya? Da ya ji, da ya cinye ni ɗanya.

Maganar Puanani ce ta tsaya mini a rai. Na ɗauko littafin 'yan takara na karanta da kaina, a hankali, wasu kalmomin sai na maimaita. Na san wanda ya zaɓa a majalisar yankinmu, mai son faɗaɗa titin bakin teku. Wurin da nake tsinkar ciyawar ruwa tun ina yarinya. Ban taɓa gaya masa ba na so ba.

Litinin, 4 ga Nuwamba

Na tafi ni kaɗai, a bas. Na ce wa yarinyar ba tawa ba ce, ta mijina ce. Muryata ta fita, na yi mamaki. Ta ba ni sabuwa, na shiga lungu na cike.

A ƙofa wani tsoho ya manna mini sitika a riga, ta "Na yi zaɓe". Ya ce, "Anti, ki yi tafiya kina ɗaga ƙirji, kowa ya gani." Na tarar da Puanani a gida da kifi da poi, tuwonmu na gwaza. Ta kalli rigata, ta kalle ni.

"To, ai dai kin cike masa yadda yake so ko?"

Na ce yawanci.