Hannun da Ja'afaru Ya Sani

Zuwa ga Luba, a Bici.

Assalamu alaikum. Ya jikin Yaya Aina'u? Allah ya ba ki ladan jinya. Gida ƙalau, gero ya fara fitar da kai.

Agogon da ɗanmu Najib ya kawo miki tsarabar Umra, kin san yawo yake a hannunki. Sati guda na yi ina fama da maɗaurinsa, har zare na naɗa masa, kika ce na mayar da shi laya. To jiya Basiru direba ya ce ya gan shi zaune daram, wai Ja'afaru ne ya gyara da ya je dubiya. Ja'afarun da muka nemi aurenki tare. Ba zargi nake ba, amma ni ko igiyar dami sai na gwada nake yankewa. Da me ya auna hannun naki?

Mijinki, Abdulƙadir.

Zuwa ga Malam.

Wa alaikumus salam. Yaya da sauƙi, har ta fara shan kunu.

Ja'afaru ko zaure bai wuce ba. Maimunat surukar Yaya ce ta miƙa masa agogon. Ashe a jikin maɗaurin akwai huji uku a jere. Ƙayar aduwa ya ɓalla daga shinge, ya danna kan siririn ƙarfen da ke riƙe da sarƙar, ya matsar da shi. Maimunat ta ce bari ta auno da zare, ya ce ba sai an auna ba, hujin ƙarshe zai kai shi, ya san hannun.

A gaida mutan gida. Luba.

Luba, salamu alaikum.

Da ma aunawar ya yi, da ya fi mini sauƙi. Shekara arba'in da uku mutum yana yawo da hannun matata a ka. In za ki dawo, ki bar agogon nan a Bici. Akwai rana a sama, ba ta taɓa ɓatar mana da azahar ba.

Abdulƙadir.

Malam, bayan gaisuwa.

Ban so faɗa ba don kada ka yi dariya. Agogon matse ni yake, har shaida ya yi mini a fata, tun Talata yana cikin jaka. Hannun ƴar shekara sha tara Ja'afaru ya sani. Hannun da ya ci tuwon gidanka kuwa, bai taɓa ganinsa ba. In baro shi ɗin?

Luba.

Luba,

Taho da shi ranar Juma'a. Na ɓallo ƙaya, hujin tsakiya za mu gwada. Allah ya kawo ki lafiya.

Mijinki.