Liyarin Inna

Faskari, 9 ga Mayu, 1976

Zuwa ga uwargidana Baraka,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fata kina lafiya, da Baba da Hajiya da duk mutanen Sabuwa. Ni ma lafiya lau, in ban da tuwon da nake tuƙa wa kaina, wanda ko kajinki ba sa kusantarsa.

Yau kwana goma sha biyu da tafiyarki, duk a kan liyari guda. Bari in maimaita maganar, ko a takarda za ta fi shiga. Da zan tafi kwas Ingila na ba ki ajiyar tsohon kuɗin azurfar nan na marigayiya Inna, mai hoton sarauniyar Turawa. Baƙi ƙirin na bar shi. Bayan shekara biyu na dawo na tarar fuskar sarauniya tana ƙyalli. Na kai wa Baturen nan na kamfanin hanya, mai tara tsofaffin kuɗi, ya sa gilashi a ido ya duba, ya ce an wanke shi, kuma tsohon kuɗin da aka wanke ya zubar da darajarsa. Kuɗin da aka buga a 1780, Baraka! Shehu ma bai yi hijira ba a lokacin.

Na yarda bai kamata in ce a gaban baƙi kin goge tarihi kamar gindin tukunya ba. Sau ɗaya kika ce ba ki wanke ba, kika ɗauki mayafinki. To, in ba ke ba, wa? Zan kai shi Kankara ranar kasuwa a duba, gaskiya ta fito, ki dawo ɗakinki. Gidan ya yi mini faɗi.

Ni ne mijinki,
Harisu

Faskari, 20 ga Mayu, 1976

Zuwa ga Baraka,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarki, ina sanar da ke cewa na je Kankara, kuma na dawo da kunya cike da aljihu.

Akwai wani tsohon maƙerin azurfa a bayan 'yan hatsi, Malam Mani. Ido ɗaya ya rage masa, shi ma ba na kirki ba. Na fara yi masa lacca a kan shekarar 1780, kamar ina gaban 'yan aji bakwai. Bai katse ni ba. Da na gama sai ya buɗe wani gwangwani ya zubo liyari biyar, kowanne 1780. Ashe haka ake buga su duka, na da da na jiya. Shekara biyu ina zaga ɗakunan karatu na Ingila, ba wanda ya gaya mini sai mutumin da ke zaune a kan buzu.

Ya saki namu a kan dutse ya saurari ƙararsa, ya ce azurfa ce ta gaske. Ya bi ƙwayoyin adon da ke kafaɗar sarauniya da farce, don da su ake gane yawan cin da kuɗin ya yi, ya ce sun shafe saura kaɗan. Sai na tambaye shi abin da ya kawo ni: da toka aka wanke, ko da tsamiya?

Ya yi dariya har da tari. Ya ce toka tana barin ƙananan zane, tsamiya kuwa tana shiga kowane lungu ta cinye baƙin. Wannan ba zane, baƙin yana nan a tsakanin haruffa, bayansa mai hoton tsuntsu kuma ko taɓa shi ba a yi ba. Wuri ɗaya ne ya yi sumul, daidai faɗin babban yatsa. Ya ce aikin hannu ne, shafa shi ake yi da yatsa kullum, wata da watanni. Ya ce yana yaro ya ga irinsa a hannun matan da mazansu suka tafi Makka a ƙasa. Daga nan ya ɗago idon nan nasa ya tambaye ni, wai wa ya yi tafiya a gidanmu.

A motar dawowa na yi ta tuna wasiƙunki. Layi uku kullum: muna lafiya, an yi ruwa, akuya ta haihu. Ina can cikin sanyi ina cewa matar nan ko kewata ba ta yi. Ashe abin da ba ki rubuta ba yana nan a kan azurfa, ni kuma malamin karatu na kasa karantawa, na kai wa Bature.

Kafin in taso na tambayi Malam Mani kimarsa. Ya ɗora a ma'auni, ya ce ya ragu da nauyin ƙwayar gero biyu ko uku, amma zai saya a narka a yi zobe. Na karɓe abina da sauri har ya tsorata.

Ki gafarce ni. Ki rubuto ko layi ɗaya ne.

Naki,
Harisu

Faskari, 2 ga Yuni, 1976

Baraka,

Gaisuwa da begen ganinki. Takardarki ta iso, kuma layi ɗayan kika yi mini, ba ƙari: a gaban mutane aka yi, a gaban mutane za a gyara. Na karanta ta fi sau ashirin ina neman wata kalma a ɓoye, babu.

Kin yi gaskiya. Na bi baƙin nan uku gida-gida, har da Alhaji Salihu da ya fi kowa dariya a ranar. Sun yarda za su rako ni Sabuwa ranar Juma'a, tare da Kawu Labaran. A zauren Baba zan faɗa da bakina cewa ba ki wanke ba, ni ne ban iya dubawa ba. Alhaji Salihu ya ce zai zauna a gaba don kada kalma ta wuce shi.

Ban ce lalle ki biyo ni a ranar ba. In kin fito, alhamdulillahi. In ba ki fito ba, na ɗauki hutun mako guda, kuma zan zo da tabarmata. Ki gaya wa Baba ya yi haƙuri da ni.

Ki gaida Hajiya. Allah ya kai mu Juma'a.

Ni ne mai jiranki,
Harisu