Na Gauraya Kifayen Yayana

Anti, don Allah ki taimake ni, abin nan ya hana ni sakat.

Yayana ya rasu wata huɗu da suka wuce. Ya bar akwatunan gilashi biyu a falo, cike da ƙananan tarwaɗa irin na ado, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. A idona duk ɗaya ne, fari-fari da baƙin zane a kan ido. Shi kuwa cewa yake iri biyu ne, na akwatin dama ba a cika samunsa ba, kuma shekara tara yana kiwonsa bai bari ya haɗu da na hagu ba. Yana min bayani ina danna waya, har tsokanarsa nake wai ya auri kifi.

Ranar da ruwan ya yi kore na ce bari in wanke. Na kwashe su duka na zuba a bokiti ɗaya. Sai da na zo mayarwa na ga ban san wanne ne na wane akwati ba. Na raba su da ka, yanzu har sun yi ƙwai sun ƙyanƙyashe.

Tun ranar ba na iya zama a falon. Da rana tsaka in na leƙa gilashin sai in ga kamar fuskarsa ce a bayan tawa, yana jira in nuna wanne ne wanne. Ga abokinsa na kiwon kifi, wanda Yaya ya yi wa wasiyya da na daman, zai zo ɗauka ranar Asabar. In yi shiru in ba shi? Ba zai gane nan take ba.

Ƙanwar mai kifi

Ƙanwata, Allah ya jiƙan yayanki. Ki daina cin kanki, kulawa ce ta sa kika wanke. Amma shirun ban yarda da shi ba. Kunya kike gudu, na sani, sai dai in mutumin ya kiwata su a kan tsantsar iri ne ya raba wa wasu, a nan aikin shekara tara zai lalace.

Ki kira shi yau ki faɗa masa komai. Manyan za su rabu: a sa kowanne shi kaɗai a kofin gilashi, a hasken rana, a dube shi ta gefe. Irin waɗannan masu kama da juna sau da yawa a baki suke bambanta, wani dogo wani gajere, sai kuma inda zanen ya tsaya. Kada kauri ya ruɗe ku, macen ta fi faɗi. Ki duba hotunan wayar yayanki, ƙila ya ɗauki kowane iri a akwatinsa. Ƙananan da aka ƙyanƙyashe kuwa ƙila ruwa biyu ne, a ware su, ki riƙe abinki, kada a ba kowa da sunan iri.

Ranar Asabar kada ki bar baƙon shi kaɗai ki gudu ɗaki. Ki ja kujera ki ce ya koya miki. Bayanin da ba ki saurara ba yana nan a bakin abokinsa. Allah ya sanyaya miki zuciya.